Baffa Adem da Shamuwar Tafkin Uluabat

Mutanenmu da ke zuwa Istanbul, akasarinsu sayayya ce ke kai su. Su sauka, su nufi unguwar Laleli ko babbar kasuwar nan mai rufi, su ɗaure dilolin abaya da takalma da labule, su juyo gida. Neman halal ne, babu laifi. Amma da mutum zai ware safiya guda ya bar shaguna ya zauna a harabar wani masallaci, zai ga wani hali na Turkawa da ya cancanci a ba da labarinsa: yadda tsofaffinsu suka ɗauki ciyar da tsuntsayen da ba nasu ba a matsayin aikin kullum, kuma gari ya bar musu fili su yi.

Wurin da ya fi sauƙin gani shi ne gaban Yeni Jami, a Eminonu, daf da gadar Galata. An aza harsashin masallacin a 1597, ba a kammala shi ba sai bayan shekara sittin da ɗoriya, kuma tantabaru sun mayar da matakalarsa gidansu. A gefen filin akwai ƴan rumfuna ƙanana, kowacce da tsoho ko tsohuwa a ciki, an jera faranta cike da hatsi. Ka ba da ɗan canji, a miƙo maka faranti, ka watsa. Duk wanda ya taɓa zuwa Makka ya san irin wannan, don haka cinikin bai ba ni mamaki ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne wata dattijuwa mai baƙin mayafi da rigar sanyi mai kauri, da ke sayar da hatsin amma idonta ba ya kan masu saye. Cikin ɗaruruwan tantabarun da ke turereniya a gabanta akwai wata mai ɗingishi da kullum ake bankaɗe ta gefe. Sai tsohuwar ta debi hatsi ta wurga can nesa, taron ya ruga, sannan ta sunkuya ta zuba ɗan kaɗan a gindin kujerarta. Mai ɗingishin ta tako ta ci ita kaɗai. A gabana ta maimaita wannan dabara, kuma hatsin na cikin jarinta ne.

Can kusa da wurin alwala wani dattijo ya kama wata tantabara ya matse ta a jikin rigarsa. Zare da gashi sun nannaɗe mata yatsu har sun fara cin nama, cutar da ke guntule ƙafafun tantabarun manyan birane. Ya ciro ƙaramin almakashi daga aljihu, ya gyara zaman tabarau, ya shiga warware zaren a hankali, hannunsa na ɗan rawa. Da ya gama ya buɗe tafi, ta tashi, ya mayar da almakashin aljihu ya shiga masallaci. Mutumin da ke yawo da almakashi don wannan aiki ba yau ya fara ba.

Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatu a birnin, wanda ya yi mini rakiya da tafinta, ya ce: "Kawu, ka lura da ledojin da ake ratayewa a jikin shingaye." Na duba, ragowar burodi ne. Turkawa ba sa son jefa burodi a shara. Sai su rataye shi inda mabuƙaci ko mai ciyar da dabbobi zai ɗauka. Da sassafe ƴan fansho ke bi suna kwancewa, su jiƙa, su kai bakin ruwa. A jiragen fito da ke tsallaka mashigin Bosforus tsakanin ɓangaren Turai da na Asiya kuwa, fararen tsuntsayen teku ke bin jirgi a baya, fasinjoji na gutsura simit, burodin nan mai siffar zobe da aka barbaɗa wa riɗi, suna cillawa sama ana cafewa. Yara da baƙi su yi ta shewa da ɗaukar hoto. Tsofaffi ba sa shewa. Kowa da kusurwar da ya saba tsayawa.

Wannan ɗabi'a tana da tushe, kuma an rubuta tushen da dutse. A unguwar Uskudar, in ka ɗaga kai a bangon masallacin Ayazma, wanda Sarki Mustafa na Uku ya gina wajen 1760, za ka ga ƙananan gidaje maƙale a sama, da ƙofofi da tagogi da baranda da ƴan kubbobi. Gidajen tsuntsaye ne. Akwai irinsu a masallacin Yeni Walide da ke unguwar, da jikin makarantu da gadoji da gidajen ruwa na zamanin Daular Usmaniyya. Magina kan zaɓi bangon da rana ke bugawa, wanda iskar hunturu ba ta kaɗawa, su ɗaga gidan inda hannun yaro da kyanwa ba za su kai ba. Masu hali kuma sukan ware wakafi don a riƙa watsa hatsi a ranakun da ƙanƙara ta rufe ƙasa. Koyarwar da muka taso da ita ce, cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai, kuma abin da tsuntsu ya ci daga shukar mutum sadaka ce. Bambancin shi ne su sun sa magini ya sassaƙa ta, sun sa alƙali ya rubuta ta a takardar wakafi. Na daɗe a gindin bangon nan ina kallon ƙananan tsuntsaye na shiga da fita ta ƙofar da aka sassaƙa musu shekara fiye da 250 da suka wuce.

Amma abin da ya kai ni ƙasar a watan Afrilu yana kudu da tekun Marmara. Jirgin ruwa ya tsallakar da mu zuwa Mudanya, mota ta ƙarasa da mu Bursa, birnin da Usmaniyawa suka ci a 1326 suka mayar da shi babban birninsu kafin Istanbul. Babban masallacinta mai kubba ashirin ya isa labari na daban. A Bursa ne aka yi wani wuri da ake kira Gurabahane-i Laklakan, gidan jinyar shamuwoyin da suka gaza. Marubucin nan Ahmet Hashim ya ba da labarinsa a wani littafi da ya fito a 1928 mai wannan suna. A zamanin, a tsakiyar kasuwar dukawa masu ɗinkin takalma akwai wani fili da shamuwoyi masu karyayyen fiffike, da tsofaffin hankaki, da makafin mujiya ke zama. Dukawan ne ke biyan wani tsoho tukuf, wanda shi ma ƙarfinsa ya ƙare, ya riƙa karɓar sadaka yana sayo tumbi, ya yayyanka ya raba musu. Ƴan kasuwar nan da dabara guda suka riƙe rayuka iri biyu. Tsuntsun da ƴan uwansa suka tafi suka bari ya samu abinci, tsohon da ba zai iya wani aiki ba ya samu dalilin fitowa kowace safiya da albashin da ba bara ba.

Daga Bursa zuwa ƙauyen Eskikaraagac, a gundumar Karacabey, tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba, ta yamma. Ƙauyen na zaune a kan wani tsiri da ya kutsa cikin tafkin Uluabat. Tafki ne mai faɗi amma marar zurfi, gefensa cike da dogayen ciyayin ruwa da bado, kuma tun 1998 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. A 2011 ƙungiyar EuroNatur ta ba ƙauyen lambar "ƙauyen shamuwa na Turai", lambar da ƙauye ɗaya tak ke samu a kowace ƙasa. Kana shiga za ka ga dalili. A kan falwayoyi an kafa faifan ƙarfe, a kan kowane faifai tulin ƙirare, a kan tulin kuma shamuwa tsaye da ƙafa ɗaya.

Ba irin tamu ba ce. Shamuwar da ke sauka a bishiyoyin ƙauyukanmu gab da faɗuwar damina baƙa ce mai farin ciki, kuma ba ta barin Afirka da gefen ƙasar Larabawa. Wannan fara ce sol, sai bakin fukafukanta baƙi, baki da ƙafafu jajaye, tsayinta ya kai mita guda, in ta buɗe fiffike ya kusa mita biyu. Amma matsayinsu a zuciyar mutane ɗaya ne: baƙuwa ce mai albishir, ba a jifanta, ba a taɓa sheƙarta, gidan da ta zaɓa ana ganin ya yi sa'a. Turkawa har alhaji suke ce mata, don a ganinsu wadda ta nufi kudu duk shekara ta dawo, ta bi ta ƙasa mai tsarki. Ba ta da kuka. In miji ya sauko sheƙa, shi da matar sai su lanƙwasa wuya baya har kai ya taɓa gadon baya, su yi ta karta baki da sauri, ƙarar na tashi kamar luguden mata biyu a turmi ɗaya. Da wannan ƙara ƙauyen ke farkawa.

A nan Adem Yilmaz yake, masunci, ɗan shekara saba'in da ƴan kai, wanda duk Turkiyya ke kira Baffa Adem. Wajen 2011 yana cikin kwale-kwalensa yana jan koma, wata shamuwa ta sauko ta tsaya a goshin jirgin. Ya jefa mata kifi, ta haɗiye. Ya ƙara. Washegari ta dawo. Da watan Agusta ya yi ta bi ƴan uwanta zuwa Afirka, da sanyi ya wuce sai ga ta a goshin jirgin nan dai. Ya sa mata suna Yaren. Namiji ne, yana da abokiyar zama da ake kira Nazli, sheƙarsu na kan falwaya kusa da gidan dattijon. Shekaru suka yi a haka ba wanda ya sani sai maƙwabta, har wani mai ɗaukar hoton namun daji ɗan yankin, Alper Tuydes, ya fara ɗaukarsu yana yaɗawa. Daga nan aka yi fim a kansu, aka kafa mutum-mutuminsu a dandalin ƙauyen, hukumar Karacabey ta sa kyamara a kan sheƙar da kowa zai iya kallo ta intanet dare da rana.

Na fita bakin ruwa bayan sallar asuba, hazo bai gama tashi ba. Akwai wasu baƙi a tsaye, kowa ya yi shiru. Kwale-kwalen ƙarami ne na katako, dattijon na zaune a tsakiya da hular sanyi, yana tuƙi da filafili biyu ba gaggawa. Bai yi nisa da gaɓa ba shamuwar ta taso daga sheƙa, ta yi shawagi guda, ta miƙe jajayen ƙafafunta gaba ta dira a goshin jirgin. Jirgin ya ɗan yi tangaɗi, ta buɗe fiffike ta daidaita, ta naɗe. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi kamu huɗu ba. Ya sa hannu a bokiti ya ciro ƙaramin kifi, ya ɗaga ta gani, ya cilla. Ta cafe a gefen baki, ta juya shi kai ya fuskanci maƙogwaro, ta ɗaga wuya, kana ganin kumburin kifin na gangarawa. Ta sake zuba masa ido. Bakinsa na motsi, magana yake mata ƙasa-ƙasa. Abin da na fi lura da shi, ko sau ɗaya bai miƙa hannu don ya shafa ta ba. Da ta ƙoshi ta tsaya tana gyaran gashi shi kuma ya koma kan komarsa, kowa na harkarsa a jirgi ɗaya. Can ta tashi ta koma sheƙa.

Mutane na son su ce ƙauna ce, masu ilimin tsuntsaye kuma su ce shamuwa tsuntsuwa ce mai riƙe wuri: sheƙarta take komawa duk shekara, kuma ta gane inda abinci ke da sauƙi. Ban ga saɓani a nan ba. Shamuwa ba kaza ba ce, tsoron mutum na cikin jininta, kuma tafkin cike yake da kwaɗi da kifi da za ta iya kamawa da kanta. Kafin ta amince ta tsaya kusa da hannun ɗan Adam, sai ta ga shekara da shekaru hannun bai taɓa yi mata motsin da ba ta so ba. Wa ke da irin wannan haƙuri? Saurayi zai so ya taɓa, ya ɗauki hoto da ita a kafaɗa, ya ga ko za ta biyo shi gida. Tsoho ya wuce nan. Yana fita a sa'a ɗaya, ta hanya ɗaya, da tafiya iri ɗaya, kuma abin da tsuntsun daji ke nema ke nan kafin ya saki jiki. Jinkirin da tsufa ke jawo wa mutum, wanda ƴaƴansa ke ƙosawa da shi, shi ne ya sa shamuwa ta zaɓi wannan jirgi.

Ta ɓangaren tsohon kuma, ina ganin abin ya fi zurfi. Eskikaraagac irin ƙauyukan nan ne da samari suka watse zuwa masana'antun Bursa, aka bar dattawa a gidan shayi suna juya cokali a ƙananan kofuna. Wanda ya tsufa, ko ana kula da shi, sannu a hankali sai ya koma mai karɓa kawai: a kawo masa magani, a turo masa kuɗi, a kira shi a waya ranar salla. Ba wanda ke jiran wani abu daga hannunsa. Wannan yana cin mutum fiye da ciwon gwiwa. Tsohuwar Eminonu da mai almakashi da Baffa Adem duk sun samu wanda ke jiransu. In ba su fito ba, akwai mai rai da zai ji a jikinsa. Kuma mai jiran nan ba a ɗaure yake ba, ba a keji yake ba, yana da sararin sama gaba ɗaya amma ya dawo. Wata tsohuwa da ke sayar da zuma da busasshen ganye a bakin hanyar ƙauyen ta gaya mana, ta bakin ɗalibin nan, cewa ita ma tana da tata sheƙar a saman gida, kuma duk shekarar da ta ga masu ita sun dawo takan gode wa Allah sau biyu, don sun iso lafiya, kuma don sun same ta da rai.

Shi ya sa jiran watan Maris ya zama babban al'amari. Da Fabrairu ya ƙare dattijon zai fara duban sama, yanzu kuma ƙasar gaba ɗaya ke taya shi. A 2024 Yaren ya iso da wuri, ranar ƙarshe ta Fabrairu. A 2025 ya yi jinkiri, Nazli ta riga shi sauka, jaridu da gidajen talabijin suka yi ta tambaya, mutane suka fara shirin jin mummunan labari, sai ga shi a tsakiyar Maris. Fargabar ba ta banza ba ce. Shamuwa na iya wuce shekara ashirin, amma kowace tafiya tana iya zama ta ƙarshe, kuma mutumin da ke jira shi ma ba yaro ba ne. Su biyun kowa na tafiya zuwa ga wa'adinsa, ba wanda ya san wa zai riga.

Shaharar ta kawo wa ƙauyen alheri. Baƙi na zuwa, mata na sayar da abinci da kayan hannu, ana bikin shamuwa duk shekara, yaran makaranta na zuwa kallo a motoci. Ta kuma sa an mai da hankali kan wayoyin lantarki, waɗanda ke cikin manyan masu kashe shamuwa, musamman ƴaƴan da ke koyon tashi. Sai dai dattawan ƙauyen na cewa sheƙunan da ake da su a da sun fi na yanzu yawa nesa ba kusa ba. Tafkin na fama da dagwalon masana'antu da takin gonaki, makiyayar da shamuwa ke kiwo a ciki na raguwa. Kifin Baffa Adem zai ciyar da gida ɗaya ne, sauran sai dausayi ya rayu. Ko a birni ma, burodin da ake watsawa ba shi ne abincin da ya fi dacewa da tsuntsu ba, hatsi ya fi, kuma na ga masu yin abin kullum sun fi baƙi sanin haka.

A watan Agusta, bayan ƴaƴan sun yi fiffike, shamuwoyin kan taru su tashi. Ba sa iya doguwar tafiya a kan teku, don ba da kaɗa fiffike suke tafiya ba. Iskar zafi da ke tashi daga ƙasa suke hawa, su yi ta kewayawa har su yi sama, sannan su zame zuwa wata. Teku ba ya ba da irin wannan iska. Don haka na gabashin Turai, dubun dubatarsu, ta Bosforus suke matsowa, su haɗu da na Turkiyya, su bi ta gabashin Bahar Rum, su ratsa Sina'i, su gangara kwarin Nilu. Da yawa a Sudan da Chadi suke yada zango suna cin fara, wasu su zarce har Afirka ta Kudu. Turawa ma da can ba su san inda suke zuwa ba, sai a 1822 da aka harbo wata kusa da garin Kuluts a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomitoci da shi. Tana nan a jami'ar Rostok har yau.

Ke nan rabin shekarar waɗannan tsuntsaye a ɓangarenmu na duniya suke yin ta. Farar shamuwar da manomi a Gadarif ta Sudan ko a gefen tafkin Chadi ke gani tana bin gonar dawa bayan girbi, ko wadda yaro ya auna da gwafa a fadama, wataƙila tana da sheƙa a saman gidan wata tsohuwa a Turkiyya ko Folan ko Bulgeriya. Da na gaya wa dattawan gidan shayin cewa ƴan uwanmu na zaune a Sudan da Chadi, inda shamuwoyinsu ke cin rani, sai suka gyara zama, aka ƙaro shayi. Tambayoyinsu na manoma ne: akwai ruwa a can a wannan lokaci, me suke ci, a bishiya suke kwana ko a ƙasa, mutane na harbinsu? Na amsa musu da gaskiya, cewa a wasu wurare ana harbi. Wani mai farin gashin baki ya ajiye kofinsa ya yi wa ɗalibin magana mai ɗan tsawo. Yaron ya juyo ya ce: "Kawu, cewa ya yi in ka koma ka isar wa mutanenku da gaisuwarsu, kuma ka roƙe su su bar su su wuce."